Mujallar da Ba Ta Da Wurin Buga Hatimi

A shekarun da nake sakataren mujallar tsangayarmu a jami'ar da ke Samaru, ni ne kuma mai rubuta bayanan zaman kwamitin ƙarin girma. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

A tsakiyar shekarun dubu biyu wani ma'aikacin laburare, mutumin Kudancin Kaduna, ya zo mana da manhaja ta kyauta wadda ake fitar da mujalla da ita a intanet. Marubuci ya aika da maƙalarsa ta cikinta, masu tantancewa su duba ta cikinta, idan ta fito kowa a duniya ya karanta ba tare da izinin kowa ba. Mun sha fama da ɗaukewar wuta da layin intanet da ke tafiyar hawainiya, amma fitowar farko ta hau intanet.

Cikin maƙalun akwai ta wata malama 'yar Wusasa, wadda ta daɗe tana jiran ƙarin girma. Maƙala ɗaya ta rage mata ta cika sharaɗi, kuma ita ce wannan. Idan aka ƙi ta, sai kuma baɗi.

Al'adar kwamitin ita ce a ajiye mujalla a gaban shugaba, ya ɗaga ta, ya juya ta, ya buga mata hatimi, ya sa hannu. Da aka zo kan malamar, shugaban ya dube ni.

"Malam sakatare, ina mujallar?"

"Tana intanet, ranka ya daɗe."

"To, a je a ɗauko ta."

Na yi bayani iyakar iyawata, har na kai su ofishin da ke da kwamfuta na buɗe musu. Shugaban ya dubi allon, ya dubi hatimin da ke hannunsa.

"A ina zan buga?"

Wani farfesa ya ce, "Abin da ɗan acaɓa zai shiga shagon intanet ya karanta kyauta, da shi za a ɗaga darajar mutum? Araha ba ta ado."

Aka ɗage maganar zuwa zama na gaba. Na fita raina a ɓace, na koma ofishina na fara tsara takardar ƙorafi, sai ga malamar ta shigo.

"Malam, bar musu da manya. Takarda suke so, mu ba su takarda."

Muka nufi Sabon Gari wurin wani mai ɗab'i da ya fi ƙwarewa a katin biki da kalanda. Ya fitar da shafukan daga intanet, ya tambaye ta, "Madam, baƙin bango ko kore? Na manya da ruwan zinariya ake rubuta shi."

Ta ce, "Sa wanda ya fi nauyi."

Ranar zaman aka kawo kundin, ban samu buɗe shi ba sai a teburin kwamitin. Nan na ga ɓarna: kammalawar maƙalarta ta riga gabatarwa, jadawalinta kuma kansa a ƙasa. Kafin in yi magana shugaban ya karɓe shi, ya auna shi a tafin hannu, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ka ga mujalla."

Ban iya haɗiye abin da na gani ba. Na miƙe na ce akwai kuskure a jerin shafukan, kuma ingantacciyar maƙalar tana nan a intanet ga mai son karantawa.

"Zauna, malam sakatare," in ji shi. "Ba karatu muka zo yi ba, tantancewa muka zo yi."

Ya buga hatimi, ya sa hannu. Malamar ta samu ƙarin girmanta a shekarar, kuma ta cancanta, ko da yake babu wanda ya san haka a cikin waɗanda suka ba ta.