Tsamiyar da Ƙwari Suka Ci

Shekarar da na gama elementare, kawuna ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin kula da barikin saukar baƙi a Tudun Wada. A nan na fara ganin masai na tangaran, wanda ake jan sarƙa ruwa ya sauko ya wanke shi. Kowace safiya nakan jawo ruwan rijiya in cika tankinsa.

Masan nan tsoho ne. Da rani ya yi nisa sai ruwansa ya koma tsiyaya, kamar daga bakin buta. Ga shi an aiko cewa duba-gari zai sauka ran kasuwa ta sama. In ya rubuta cewa ni na lalata shi, aiki ya tafi, kawu kuma ya ji kunya. Abinci ya daina shiga mini.

Na kara madubin aski a ƙarƙashin leɓen masan, na ga ƙananan kafofin ruwan sun toshe da wani farin ɓawo mai tauri. Na goga toka. Na jiƙa kanwa na zuba. Ko gezau.

Innata ta yi ta yi mini dariya, wai ɗan boko har da madubi, bai san abin da kowace mace ta sani ba. Ta ce ruwan rijiyar ne ke barin ɓawon, haka yake yi wa tukunyarta, kuma tsamiya ke cinye shi.

To, amma tsamiya abinci ce. Ta yaya zan zuba abinci a masai? Kwana biyu ƙullin tsamiya yana aljihuna na kasa zubawa. Bayan la'asar na tafi zauren malaminmu, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in haramun ne gara in bar aikin."

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Wadda za ta ciwu kada ka zuba. Nemo wadda ƙwari suka ci aka zubar."

Na bi gidajen masu sayar da tsamiya ina tsintar ta shara. Kowane sili sai na ɓare na duba. In ina shakka ko za ta ciwu, in mayar. Na jiƙa ta ta yi kauri, na tsoma tsummoki na cusa a leɓen. Kwana uku ina sakewa, ina sakace kafofin da tsinke ɗaya bayan ɗaya, har ɓawon ya fara zubowa kamar tsaki.

Duba-gari ya zo, ya ja sarƙa sau ɗaya, ruwa ya kwararo da ƙarfi. Ya yi ɗan rubutu, ya ce in ci gaba da aikina. Bayan ya fita na sake cika tankin na ja, don in tabbata.