Mashin da ba ya tashi da turi

A shekarata ta biyu da fara aikin malamin dabbobi a Gusau aka kawo wa ofishinmu mashina biyu na shiga ƙauye, dogaye, masu tayoyi masu haƙora. Ɗaya irin wanda kowa ya sani ne. Ɗayan kuma an sa masa kulocin da ke kama kansa ya saki kansa: ka sa giya, ka murɗa totur, ya tafi, in ka tsaya cak injin ba ya mutuwa ko ba ka matse komai ba. Hannun kulocin yana nan a hagu kamar na kowane mashin, sai dai kusan ado ne.

Babban malaminmu, wanda ya riga ni shiga aikin da shekaru masu yawa, ya zagaya shi sau ɗaya ya taɓe baki.

"Wanga roba-roba ce aka yi wa dogayen ƙafafu," in ji shi. "A ba ɗan digiri. Shi dama bai iya tashi daga wuri ba sai ya kashe inji."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Kafin nan, a kan wani tsohon mashin na ofis, na taɓa kashe inji a tsakiyar yashin rafi kan hanyar Nahuce, na faɗi da ni da akwatin magani, a gaban mata masu wanki. Har yau ina jin dariyar.

Ba zan zalunci kulocin nan ba, ko da yake na tsane shi. A yashi ba shi da na biyu. Rafin da ya kayar da ni, na ratsa shi a hankali kamar mai tafiya a ƙafa, injin bai ko yi tari ba. A taɓon fadama ma haka, da cikin cunkoson kasuwar Bungudu inda mutum ke tsayawa sau goma kafin ya fita. Hannuna na hagu ya daina ciwo. Na yi wata uku ina jin kamar na iya mashin, kuma ina ganin a nan cutarsa ta fara, don ya sa na ɗauka na iya abin da ban iya ba.

Sannu a hankali halinsa ya fara fitowa. Wata rana na ajiye shi a ɗan gangare, na bar shi a giya kamar yadda aka koya mini, na juya ke nan sai na ji ya gangara ya kife. Da injin ya mutu, kulocin ya saki, giya ba ta riƙe komai. A gangaren duwatsu kuma, in ka saki totur gaba ɗaya, wani lokaci sai ka ji ya sake ka, yana gudu kamar keke, sai birki kawai ya rage maka. Wannan ya tsorata ni har na koma na karanta ɗan littafin da ya zo da shi, sau biyu. A can ciki na ga layi ɗaya da ya ce mashin mai irin wannan kuloci ba ya tashi da turi. Kuma mashin ɗin ba shi da kik. Maɓalli ne kawai da batir.

Na je wajen bakanikenmu na tambaye shi. Bai ma ɗago kai daga injin da yake kwancewa ba.

"Malam, shekara nawa nike wanga aiki? Babu mashin da ba ya tashi da turi. Littafi ya taɓa tura mashin?"

Na ce to, wataƙila ban fahimta daidai ba. Na fahimta daidai. Amma ni mutum ne da in aka yi mini magana da ƙarfi sai in fara shakkar abin da na gani da idona.

Ranar da abin ya faru, gab da faɗuwar damina ne, muna yi wa awaki da tumaki allurar rigakafin cutar nan mai sa su majina da zawo. Maganin ba ya son zafi ko kaɗan. A cikin kula ake ɗaukarsa da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke ya ɗau ɗumi, ya zama ruwan banza. An ba ni wurare biyu: Kucheri da safe, sannan wata unguwa a wajen 'Yankuzo kafin azahar. An aika wa mai unguwar can tun kwana uku cewa kada a saki dabbobi kiwo, a ɗaure su a jira ni.

Ina isa Kucheri wani bunsuru ya tsinke igiya ya nufo ni. Na kashe injin da ɗan jan maɓallin da ke kan kai, na diro na rungume kula, na manta makulli a buɗe da fitila a kunne. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Na yi fiye da awa biyu ina allura, ina buɗe kula ina rufewa. Da na gama na ɗaure kaya na danna maɓalli, sai mashin ya ce ƙyat, ya yi shiru.

Kowa ya san abin da ake yi in haka ta faru a ƙauye. Ba a ma tambayarka. Kafin in buɗe baki maza huɗu sun naɗe hannun riga, cikinsu har da wani dattijo da na gama yi wa tumakinsa allura.

"Hau, Malam, sa ta biyu," in ji dattijon. "In mun ce saki, ka saki."

A nan ya kamata in ce a'a, ba zai tashi ba, a nemo mini waya da wani batir. Abin da na ce shi ne, "Baba, ina jin wannan ba lalle ne ya tashi da turi ba."

"Ba lalle ba? To a gwada mana."

Na hau. A raina ina cewa wa ya sani, wataƙila bakanike ne ke da gaskiya. Suka tura, suka yi ihu na saki hannun kuloci, mashin ya ci gaba da gangarawa shiru, ko injin bai juya ba. Muka juyo. Suka sake turawa. Rana ta riga ta ɗaga, rigunansu sun jiƙe. A karo na uku dattijon ya yi tuntuɓe ya faɗi a kan gwiwarsa, tsakuwa ta yage masa wando da fata.

Wani ɗan kabu-kabu da ke zaune a inuwar ɗorawa yana kallonmu ya taso. Shi kaɗai ne mai mashin a wurin, saura duk sun tafi kasuwa.

"Sauka, Malam. Kai ne ba ka iya ba. Kana saki kamar mai tsoron ƙwai ya fashe."

Na sauka. Ya hau, aka tura shi da gudun da ya fi nawa, ya saki, ya yi tsalle ya danna mazaunin da dukkan nauyinsa. Babu abin da ya faru. Ya sauka yana huci, ya matsa hannun kulocin ya saki, ya sake matsawa.

"Mi ka yi wa wanga abu? Kulocinka ya cinye?"

Sai a lokacin na faɗa. Na ce kulocin mai sarrafa kansa ne, sai injin na juyawa yake kamawa, kuma littafinsa ya ce ba ya tashi da turi.

Dattijon yana zaune a ƙasa yana danna gwiwarsa da gefen rigarsa.

"Ka sani?" ya ce.

"Na karanta, Baba, amma ban tabbatar ba."

"Ka karanta. Ka hau ka zauna muna turinka kamar jakuna, sau uku, kai ka karanta."

"Ai na ce ba lalle ne..."

"Ba lalle ba! Mutum ya san rijiya ba ruwa, ya ce da kai ba lalle ba, ya miƙa maka guga!"

Na roƙi ɗan kabu-kabun ya kai ni wajen 'Yankuzo da kulata, in dawo wa mashin daga baya. Da na roƙe shi tun farko, na tabbata da ya kai ni. Yanzu kuwa ya kalle ni daga sama har ƙasa.

"Littafin ya kai ka," ya ce, ya tayar da nasa da bugu ɗaya ya tafi.

Sauran suka watse. Babu wanda ya zage ni, kuma babu wanda ya ce mini ga ruwa. Na ja mashin zuwa bakin titi ni kaɗai, da nauyinsa, na lulluɓe kula da rigata. Sai bayan azahar wani direban motar kaya ya tsaya, ya nemo guntayen waya biyu muka jona daga batirinsa. Dannawa ɗaya mashin ya tashi, lafiya lau, kamar bai yi komai ba. Ban taɓa jin haushin ƙarfe kamar lokacin ba.

Na isa unguwar ana shirin la'asar, kuma hanyar nan ba wadda ake bari yamma ta yi wa mutum a kanta ba ce. Dabbobi suna ɗaure tun asuba, suna ta kuka, ba ci ba sha. Mata na leƙowa ta kan danga. Na buɗe kula na sa hannu. Kwalaben maganin suna iyo cikin ruwa, ruwan kuma ba shi da sauran sanyi.

Mai unguwa ya leƙa ya gani. Ya ce, "To, a fara. Ai magani magani ne."

Na ce ba zan yi ba.

"Mi ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ya lalace. In na yi musu, za ku ɗauka an yi, alhali ba a yi ba."

"Ka tabbata?"

Bakina ya so ya sake cewa "ina jin". Na ji kalmar ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta na ce na tabbata.

Wani mai awaki ya ce an hana su kiwo yini guda don ɗan birni ya zo ya wanke hannu a kula. Wani ya ce a bara ma haka aka yi musu. Mai unguwa bai ɗaga murya ba. Ya juya ya ce a saki dabbobi, suka fita da gudu ta kowace kafa, ni kuma na ɗaure kayana babu wanda ya raka ni.

Na koma bayan mako guda da sabon magani da ƙanƙara ninki biyu. Gida shida ne suka fito da dabbobinsu. Saura sun ce ba za su sake ɗaure akuya don maganar gwamnati ba. A daminar nan an yi asarar awaki a unguwar. Ba zan ce don ba a yi musu allura ba ne, ban auna ba, kuma akwai cututtuka da yawa a damina. Amma gidaje shidan nan ba su kawo ƙara ba.

Na san za a ce laifina ne, makulli da fitila, da bakina da ya kasa cewa a'a. Na yarda. Sai dai kowa yana manta makulli wata rana. A ƙasar nan abin da ke fid da mutum in batir ya mutu shi ne maza huɗu da ɗan gangare, kuma ana samunsu a kowane ƙauye. Wanda ya ƙera kulocin nan ya cire wannan, ya rubuta a layi ɗaya cikin littafi, ya bar hannun kuloci a rataye don kowa ya ga kamar ni ne maƙaryaci.

Na mayar wa ofis da makullin mashin na ce a ba ni ɗayan. Babban malaminmu ya karɓi musanyar da sauri fiye da yadda na zata. Ashe yatsunsa sun fara ciwo, ya daɗe yana kallon mashin ɗin. Har yanzu shi ke hawansa, da waya biyu a naɗe ƙarƙashin mazauni, kuma bai sake kiransa roba-roba ba. Ni na koma kashe inji a yashin Nahuce.

Unguwar can wajen 'Yankuzo tana cikin rabona har yau. Bana gida goma sha ɗaya suka fito. Mai unguwa ba ya bari in fara sai ya sa nasa hannun cikin kula ya ji sanyin ƙanƙarar da kansa.