Kan Kare a Kular Zoɓon Goggo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Tudun Wadan Gombe, ni da goggona, da wata shuɗiyar kula wadda ba wanda ya yarda ya taya mu ɗauka. Masu turo min saƙo kuna tambayar jikina, na gode, hannun da sauƙi. Ga labarin tafiyar tamu. Ku yi haƙuri idan na yi ta kwana-kwana, har yanzu ban gama dawowa daidai ba.

Ga wanda bai ji ba, ranar Lahadi da yamma wani kare da ba a san mai shi ba ya shigo layinmu, yara na wasa a bakin shagon ɗinkin mamata. Ko haushi bai yi ba. Kai tsaye ya nufi Hanifa, 'yar maƙwabtanmu mai shekara biyar, ya kafa mata haƙori a ƙwauri. Na fizge ta, shi kuma ya cafke ni a hannu. Samarin layi suka bi shi da sanduna suka kashe, suka jefa shi kwari. Ni a ranar aka kai ni asibiti, aka wanke ciwon da sabulu har na yi kuka, aka fara min allurar ciwon haukan kare. Hanifa kuwa ba a kai ta ba. Babanta direban keke napep ne, mutumin kirki, tun ina ƙarama nake ce masa Bappa. Abin da ya ga iyayensa na yi shi ya yi: ya sauka kwarin, ya yanko gashin karen, ya ƙona, ya shafa mata tokar a kan ciwon. Ya ce shi ke nan, ai ɗan ƙwarzane ne. Da aka matsa masa, ya ce ba za a yi ta sokar masa 'ya a kan zato ba. A kawo masa shaida cewa karen mahaukaci ne, shi da kansa zai kai ta. Nas ɗin da ta yi min allura kuwa ba ta ɓoye min ba. Ta ce wannan ciwo idan ya bayyana a jikin mutum babu magani, allurar kafin ya bayyana take aiki.

Shaidar da Bappa ke nema a cikin ƙwaƙwalwar karen take. Likitan dabbobi na nan Gombe ya sa aka hauro da gawar, Allah ya taimaka sanduna ba su fasa kan ba. Ya sa safar hannu ya yanke shi, ya naɗe leda kan leda, ya cusa a kular da Goggo ke zuba zoɓo ranar biki, ya cika da ƙanƙara ya liƙe bakin. Ya ce wurin gwajin yana can gaba da Jos, mai kai musu irin wannan saƙo kuma sai wani mako. Gargaɗinsa ɗaya ne: kada ƙanƙara ta ƙare, in ƙwaƙwalwar ta ruɓe an yi tafiyar banza. Na ce ni zan kai. Har yau ban san ta ina maganar ta fito ba.

A tasha kuɗin motar Jos ya tashi sosai a kan yadda Goggo ta san shi, ta kuwa tsaya ta yi wa 'yan kamasho wa'azi, suka ce ta je ta yi wa gidan mai. Sun so a sa kular a but ɗin mota tare da buhunan wake, na ce a'a, can akwai zafi. Na sa ta a ƙarƙashin ƙafafuna, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Ba mu fita gari ba wata mata mai goyo ta leƙo ta ce in akwai mai sanyi a ba ta na ɗari. Goggo ta ce, "Wannan ba na sha ba ne, 'yar nan," ta kau da kai tana jan carbi.

Hanyar Gombe zuwa Alkaleri kun san ta, wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi ta ƙasa. Duk ramin da muka faɗa ina jin abin yana motsi a cikin kular. Na yi ta kallon gonaki da garken shanu don in ɗauke hankalina, amma ko'ina akwai kare. Bayan makiyayi akwai, bakin rumfar mai shayi akwai. Da ban taɓa lura da yawansu ba.

Asirinmu ya tonu a wani shingen 'yan sanda bayan Alkaleri. Jami'in ya leƙo, idonsa ya sauka a kan kular da aka liƙe, ya ce mene ne a ciki. Goggo ce ta ce da ƙarfi, "Kan kare ne, ranka ya daɗe. In za ka duba, bismillah." Ya karanta takardar da likitan dabbobi ya haɗo mu da ita, ya ja da baya, ya ce mu wuce. Amma direba bai wuce ba. Ya kashe mota ya juyo, ya ce wallahi da ya sani ba zai ɗauke mu ba, najasa a motar da yake ajiye dardumarsa, mu sauka mu nemi wata. Mutumin da ke gefena ya tattare rigarsa ya manne da ƙofa. Rana ta fara zafi, na taɓa jikin kular na ji tana gumi.

Ban iya rigima ba, duk wanda ya san ni ya san haka. Sai kawai na ɗaga hannuna mai bandeji na fara bayani, na faɗi labarin Hanifa tun daga farko. Ban san ina hawaye ba sai da mai goyon nan ta miƙo min gefen mayafinta. Wani dattijo a gaba ya ce, "Direba, kai ba ka da 'ya'ya ne? Ja mota, in an isa ni zan biya kuɗin wanki." Direba ya yi ta ƙunƙuni, amma ya tayar. Daga nan kuma abin ya zama na kowa. A gadar Dindima masu soyayyen kifi suka yanyame mu, ba wanda ya saya, kowa cewa yake a yi sauri. Da muka shiga Bauchi, direban nan da ya so ya sauke mu shi ya kai mu har ƙofar wani gida da ake sayar da ƙanƙara, don ya ce ta tasha ruwa ce kawai. Likita ya hana mu buɗe kular, sai muka sa ta cikin babban buhu muka zagaye ta da ƙanƙara. Goggo ta sayo mana masar Bauchi mai zafi da miya, ta ce ba za a ce ta ratsa Bauchi ba ta ci masa ba ko da kan zaki take ɗauke da shi. Ni guda ɗaya na iya ci.

Daga Bauchi hanya ta fara hawa, duwatsu suka fito, wasu an ɗora su kan wasu kamar da gangan. Wajen Tilden Fulani iska ta canza, na ji sanyi a fuskata, karon farko da na yi murna da sanyi a rayuwata. A Jos muka sauka muka shiga wata motar, muka wuce masu tallar dankalin turawa da kabeji da karas a bakin titi, manya-manya, ga araha. Goggo ta yi ta juyawa tana kallonsu kamar ta bar 'yan'uwanta.

Mun isa wurin gwajin bayan azahar. Gine-gine ne a cikin itatuwa, shiru, sai warin magani. Aka rubuta sunana aka karɓi kular. Can sai ga wata mata da farar riga da takalmin roba, ta ce wa ya kawo kan kare daga Gombe. Da ta ji Hausata ta yi dariya ta ce ai 'yar gida ce, ita 'yar Kaltungo ce, iyayenta na zaune a unguwar Barunde, nan cikin Gombe. Ta shiga ciki, ba da jimawa ba ta leƙo ta ce, "Ya iso da sanyinsa, zai gwadu." Na samu benci na zauna.

Jiran ya yi tsawo. Kafin la'asar ta wuce na ga an kawo matattun kaji a kwali daga wata gona, wani kuma ya kawo hantar saniya daga mahauta. Da likitar nan mai farar riga ta fito shan iska na yi ƙarfin hali na tambaye ta wane irin aiki ne wannan. Ta ce sunansa fatoloji. "Ni ba na yi wa dabba magani," in ji ta. "Tawa sai ta mutu ake kawo min, in buɗe in gano me ya kashe ta, don a ceci sauran garken da masu garken." Ta ce sai da ta gama karatun likitan dabbobi a jami'a sannan ta ƙara wani karatun a kan wannan fanni, kuma akwai masu aikin ɗakin gwaji da suka shigo da difloma, su ke shirya abin da take dubawa. Ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce akwai wari, albashin ba na nuna wa tsara ba ne, mamarta ma in an tambaye ta aikin 'yarta sai ta ce likita ce, ta canza hira. Na ce ba ta jin tsoro? Ta ce, "Ina ji mana. Shi ya sa na yi rigakafi, kuma safar hannu biyu nake sawa."

Da sakamako ya fito ta kira ni ofishinta. Ɗakin gwajin ba a shiga, sai ta nuna min hoton a kwamfuta. Baƙi ne wuluk, da wasu korayen ɗige-ɗige masu haske, kamar an watsa ƙyalli a baƙin yadi. Ta ce koren nan shi ne cutar. Karen mahaukaci ne. Ta kalli hannuna ta ce kada in kuskura in tsallake allura ko ɗaya, yarinyar kuma a kai ta yau, kada a jira gobe. Na ɗauki hoton a wayata.

Na kira Bappa, waya a kashe. Na kira Maman Hanifa, ta fashe da kuka, ta ce ya ɗauki shata zuwa Kumo, ita kuma ya ja mata kunne kada ta fita da yarinyar. Daga baya ta gaya masa, ya ce maganar waya ce, sai ya gani da idonsa. Muka kwana a gidan wata ƙawar Goggo a Jos, motar farko muka biyo. Komowar ba ni da abin faɗi a kanta, don ban ga hanya ba. Na dai san Goggo ta cika buhu da dankali, kularta kuwa ta ce ta bar musu sadaka.

Muna sauka a Gombe ban je gida ba. Na wuce inda masu keke ke tsayawa a bakin layinmu. Bappa na nan, har wata hajiya ta shiga kekensa da kayan cefane. Abokansa na zaune a benci, ɗaya ya ce, "Ga likitar karnuka ta dawo." Suka yi dariya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar sakamakon mai hatimi, na buɗe masa hoton.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan koren shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Bappa. A cikin kansa aka samu."

"Gashin da na shafa mata fa?"

"Likita ta ce ba ya hana komai."

Ya juya ya ce, "Hajiya, yi haƙuri ki sauka ki hau na baya." Sannan ya kalle ni ya ce, "Addar Hanifa, shiga." Muka je muka ɗauko ta ko takalmi ba ta sa ba. A asibiti shi ya riƙe ta aka yi mata allurar, tana ihu, shi kuma ya kau da fuska yana kallon bango. Nas ta yi masa faɗa sosai, ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haka ne, haka ne."

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya zauna. Bappa ba mugu ba ne, yana son 'yarsa kamar kowane uba, abin da ya sani ya yi. Surutunmu na kwana da kwanaki bai motsa shi ba, aikin wata mata da ke zaune a ɗaki tana duba ƙwaƙwalwar mataccen kare shi ya motsa shi. Ban taɓa sanin akwai irin wannan aiki ba, ga shi ajin kimiyya na yi a sakandare. Na gaya wa mamata zan sake zama jarrabawar shiga jami'a, likitancin dabbobi zan nema. Ta ce ke da ko yanka kaza ba kya iya kallo. Gaskiyarta ne, tsoron yana nan bai tafi ko'ina ba, amma da shi na je Jos na dawo. Ku kuma don Allah, in kare ya ciji wani, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a tafi asibiti a ranar, kada a jira gwaji kamar yadda aka sa Hanifa ta jira. In an kashe karen kada a fasa masa kai.

An ce mu ci gaba da sa ido a kanta, mu kuma yi ta addu'a. Gobe za a yi mata allura ta biyu. Bappa ya aiko tun ɗazu, ya ce in shirya da wuri, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya kai mu.