Ɓawon Kifin Da Na Wanke Da Sabulu

Ni ɗan masunta ne daga bakin kogin Kwara, can wajen Yawuri, amma ruwa bai karɓe ni ba. Ina da shekara goma sha biyar kwalekwalenmu ya kife, na sha ruwa har na leƙa lahira, tun daga ranar ban sake taka jirgin ruwa ba. Na gudu Kano wajen kawuna na koyi kasuwa, kasuwa kuma ta jawo ni Guangzhou ta ƙasar China. Abin dariyar shi ne kayan su, wato na kamun kifi, nake saye ina aikawa gida: ƙugiya, zaren fatsa, koma, da 'yan kifayen roba masu ƙugiya a ciki da ake yaudarar manyan kifi da su. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ban taɓa ciro ko ɗan karfasa daga ruwa ba.

A gidanmu ɗa namiji ba ya cika mutum sai ya kawo wa mahaifinsa kifin da ya kama da hannunsa, uban ya ci, ya sa masa albarka. Babban ɗa kuma a ranar ake miƙa masa zagon gida, wato mashin da kakanninmu suka yi farautar ruwa da shi. Ni ne babba. Ƙannena duk sun kawo nasu kifin, zago yana rataye a ɗakin Baba yana jirana. Na gina masa ɗakin siminti, na kai shi Makka, ya yi godiya, amma godiya daban, albarkar kifi daban, ni da shi duk mun sani. Duk lokacin da na aika masa kifin roba ya gani, sai ya juya shi a hannu ya ce a gaya wa ɗan China kifinsa ya iso, sai dai ba ya ƙarni.

Ina tafe a titin Guangyuan Xilu wata rana da zafi, masu turin dila suna bangaje ni, ƙanwata ta kira. Ta ce idon Baba ya ƙarasa rufewa, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya cin komai sai kunu. Ta ce jiya ya sa an sauko masa da zago, ya shafa shi, ya tambaya ko ya yi tsatsa. Fasfona a lokacin yana wajen sabunta biza, ba halin tafiya. Na tsaya a tsakiyar hanya kamar an dasa ni.

Mai kamfanin da ke yi mini kifayen roba, wanda nake kira lawban kamar yadda ake kiran kowane maigida a nan, yana da wata al'ada. Duk lokacin zafi yakan ɗauki manyan abokan cinikinsa zuwa bakin teku, ya yi hayar jirgi da jagora, a gwada kayansa a kan wani kifi da Turawa ke kira tarfon. Shekara nawa yana gayyatata ina zillewa, yau Juma'a, gobe ciwon kai, jibi kwantena. Wannan karon bai rufe baki ba na ce zan je. Na shirya komai. Akwai abokina ɗan Zangon Kumasi mai dafa wa 'yan kasuwa abinci, ya yi alkawarin zai bandace mini kifin. Akwai kuma wani Alhaji ɗan Kano da zai tashi daga filin jirgin saman Baiyun bayan kwana uku, ya yarda zai sa mini shi a jakarsa.

Mun yi sammako, muka miƙa kudu har inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri. Wajen ba zurfi, da mutum zai sauka ba zai wuce ƙugunsa ba, ga ɗumi kamar ruwan wanka. Duk da haka na ɗaure rigar hana nutsewa har wuya na ƙanƙame gefen jirgi. Mu huɗu ne da jagora: lawban, da wani Bature mai sayen kaya, da ni. Jagoran dattijo ne siriri, ya naɗe fuskarsa da ƙyalle saboda rana. Ya kashe inji ya hau bayan jirgin yana turawa da doguwar gora, ba ya magana, ido kawai yake bin ruwa da shi. Tsayuwarsa sak ta Baba, har na kasa kallonsa.

Shi ya fara hango kifayen. Kifin yakan taso ya juya a saman ruwa ya shaƙi iska, bayansa ya yi wal kamar sabon kwano. Dattijon ya nuna mini da gora inda zan jefa. Na jefa, zare ya harɗe. Na sake, ƙugiya ta kama hular lawban. Baturen ya ciro biyu ina nan ina warware ƙulli, ni wanda kakana ya soki kada a ruwa. Da na iya jifan kuma, sau biyu kifi ya kama ya tofar, don bakinsa tauri gare shi kamar ƙashi.

Gab da azahar na ji an fizge ni kamar akuya ta tsinke igiya. Kifin ya yi tsalle sama ɗungurum yana kaɗa kai, ya faɗa, ya sake tashi. Dattijon ya dafa kafaɗata, in kifin ya tashi ya danna mini sandar ƙasa, in ya nutse ya ɗaga. Ban san lokacin da na saki gefen jirgi na miƙe tsaye ba. Da ya gaji muka jawo shi kusa, tsawonsa ya kai hannuna, fari fat, da manyan idanu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Dattijon ya ɗago shi kaɗan, lawban ya ɗauke mu hoto. Sai na ga ya zare ƙugiya, ya mayar da kifin cikin ruwa, yana riƙe da shi yana kaɗawa a hankali. Na ce ya dakata. Lawban ya yi dariya, ya ce ai wannan ba a tafiya da shi, ƙa'idar jirgin dattijon ke nan, a kama a saki. Ya ce kifin duk ƙaya ne, ba mai cinsa, in kifi nake so zai kai ni inda zan ci mai daɗi.

Na sha juya wannan ɗan lokaci a raina. Da na buɗe baki na ce mahaifina na bakin mutuwa, kuma wannan kifin yake jira, ba na tsammanin za su hana ni. Amma ni baƙo ne, an ɗauko ni a mota an ba ni abinci, ga Bature yana kallo. An horar da ni baƙo ba ya musa wa mai masauki, kuma namiji ba ya baje ciwon gidansu a gaban mutane. Kunya ta ɗaure mini harshe, na yi murmushi na ce sheshe, wato na gode. Dattijon ya buɗe hannunsa, kifin ya tafi. Ɓawonsa guda ɗaya ya manne a hannun rigata, faɗinsa kamar kwabo. Dattijon ya ɓamɓare shi ya miƙo mini da hannu biyu, yadda suke miƙa katin kasuwanci.

Washegari aka yi shelar guguwar teku, aka hana jirage fita. Na kira jagoran ta bakin lawban, amsa ɗaya ce, meyo, babu, sai bayan mako guda. Abokina ɗan Kumasi ya ce in daina wahalar da kaina, mu je kasuwa mu sayi ƙaton kifi ya bandace, tsoho makaho ina zai sani. Na hau shi da faɗa har muka yi kwana biyu ba ma gaisawa. Na ce ban kawo wa Baba kifi ba, amma ba zan ciyar da shi ƙarya a ƙarshen ransa ba.

Ɓawon ya fara wari saboda zafi, ga jakar Alhaji cike da sabuwar shadda. Sai na wanke shi da sabulu tas, na shanya, na sa shi a 'yar kwalbar roba irin wadda muke sa samfurin ƙugiya. Na kai wa Alhaji kwalbar Baiyun da kaina.

Bayan kwana biyar ƙanwata ta kira da rana, ta buɗe muryar waya don in ji. Ta gaya wa Baba cewa Yaya ya shiga jirgi, ya kama kifi a teku, ga hoto, ga ɓawonsa. Hoto ba shi da amfani gare shi. Na ji ƙarar buɗe kwalba. Ta ce mini a hankali yana shafawa, yana lanƙwasa shi da farce, yanzu kuma ya kai hanci.

“Ina kifin?” in ji Baba.

Na ce, “Baba, an sake shi. Haka suke yi a nan.”

“An kama kifi an saki.”

“Wallahi Baba da hannuna na kama shi.”

Sannan ya ce, ba da faɗa ba, cikin tausayi, wanda ya fi faɗan ciwo:

“Kada ka rantse, ɗana. Ba ya ƙarni. Sun iya aiki, mutanen nan naka.”

Ya ce a ba jikokinsa su yi wasa da shi. Ya rasu ranar Laraba ta makon da ya biyo baya, fasfona ya fito ranar Alhamis. Zago yana wajen ƙanena mai bi mini, ni na ce a ba shi. Lawban ya wanke hoton nan ya manna a bangon shagonsa a unguwar Liwan, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ni ina riƙe da kifi ina dariya. Har yanzu a wajensa nake sayen kaya, sai dai ina zama a kujerar da ta ba bangon baya.