Sabulun Hansai da Lambun Malam Maliki

A duk Hayin Banki, in ka cire 'yan gardamar ƙwallo na teburin mai shayi, babu wanda ya kai Malam Maliki Audu son a ce shi ne mai gaskiya. Sau ɗaya aka taɓa kai shi ƙasa, kuma matarsa Hansai ce ta kai shi, da kwanon tuwo.

Zamanin layi ne, shekara ta tamanin da huɗu, lokacin da kuɗin mai ya ja baya, kantuna suka bushe, aka ce shinkafa da madara da sabulu sai an bi sahu, ga soja tsaye da bulala yana koya wa masu furfura tsayuwa. Maliki a lokacin ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, takalmi na sheƙi, aljihun gaba cike da biro, rabinsu ba sa rubutu. Ranar da aka ce za a raba wa ma'aikata kayan masarufi, ya ce wa Hansai kada ta je aron komai gidan kowa, shinkafa na nan tafe. Ya sha rana tun hantsi har la'asar. Da layi ya zo kansa shinkafa ta ƙare, madara ta ƙare, aka ɗora masa katan ɗin sabulun wanki a ka.

"Malam, ina shinkafar?" in ji Hansai.

"Ke ba ki san tsarin gwamnati ba. Masana ne suka zauna suka fitar da abin da ya zama dole ga talaka, sabulu kuma yana ciki."

"To su masanan sun faɗi yadda ake dafa shi?"

Maimakon ya yi shiru kamar mai hankali, sai ya gyara zama ya shiga karanta mata farashin mai a kasuwar duniya. Ta ce to. Ya ƙara da bashin ƙasashen waje. Ta ce to, Allah ya kyauta. Bayan magariba ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwan wanke hannu, ta dire kwano da murfinsa. Ya yi bismilla ya buɗe. Sandar sabulu ce an yanka ta ƙanana, an jera da kyau, ga cokali a gefe.

"Ci mana, Malam. Girkin masana ne."

Har makwabta sai da suka ji dariyar yaran ta kan katanga. Ranar dai ƙanzon da ta jiƙa ta ɓoye shi ya rufa masa asiri.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya ari fartanya. Akwai fili a bayan gidan, wanda ya bari da niyyar ƙara ɗakuna in an yi masa ƙarin girma. Mutumin da aka haifa a Abakpa, cikin birni, wanda bai taɓa noma ko farce ba, ya duƙa yana sara ƙasa da singileti, mata na leƙe ta kafar langa-langa suna ƙunshe baki. Shekarar farko ya samo takin zamani a ofis, ya zabga shi kamar mai zuba sukari a koko, komai ya ƙone ƙurmus. Shekara ta biyu ya koma kashin kaji da haƙuri. Zogale ya tashi a jikin shinge, rama da yakuwa a tsakiya, kuɓewa kusa da rijiya, kabewa kuma ta haye rufin banɗaki ta yi zamanta.

Ƙarin girman bai zo ba. Abin da ya zo shi ne tsuke bakin aljihu, sannan rage ma'aikata, sannan shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda aka ce magani ne mai ɗaci amma na ɗan lokaci. Maliki ya tsira da kujerarsa, albashin ne dai ya rame har ba ya kai tsakiyar wata. Abokin teburinsa a ofis, Ashiru, bai tsira ba. Bayan an sallame shi sai ya tsiri zuwa gaisuwa kullum da yamma, a zauna a yi hirar ofis kamar gobe ma za shi, in ya tashi tafiya ya ce, "Kai, ramar nan taka ta yi kyau." Hansai ta riga ta ɗaure masa ita a leda, da 'yar kuɓewa a ƙasa inda ba za a gani ba.

A nan Maliki ya gane abin da ba a rubuta a kowace sanarwar gwamnati ba. Matar ma'aikaci, mai zanin atamfa da mutunci, za ta iya kwana da yunwa ba ta buɗe baki ta ce a sam mata shinkafa ba. Amma ganye ba roƙo ba ne. Kowace mace tana iya turo ƙofar makwabciya ta ce, "Maman yara, a ɗan tsinko mini zogale, kwaɗo nake sha'awa," ta fita da kanta a sama. Ba mai tambayarta ko sha'awa ce, ko kuwa shi ne abincin gidan gaba ɗaya da ɗan ƙuli-ƙuli. Hansai ta cire sakatar ƙofar baya, ba ta sake mayar da ita ba har Allah ya karɓi ranta.

Tun daga nan ƙofar ta zama rediyon Maliki na biyu. In ƙasa ta ɗan sami sauƙi, sai zogale ya yi tsawo har ya yi fure, ba mai kula shi sai awaki. In abubuwa suka fara matsewa, tun kafin mai karanta labarai ya gyara murya, rassan ƙasa sun zama sanduna. Haka ya gani da aka rufe masaƙun tsallaken kogi. Haka ya gani da tattalin arziki ya karye a dubu biyu da sha shida, haka lokacin kullen korona. Bai tsani gwamnati ba, a'a, ita ya bauta wa har gashin kansa ya kaɗe, kuma har gobe in an sanar da sabon shiri sai ya ƙara muryar rediyo ya saurara da ladabi. Ya dai lura cewa kowace wahala da sunan da ake raɗa wa maganinta, kuma maganin kan iso unguwa bayan mai ciwon ya gaji da jira.

Yanzu ya tsufa. Gwiwa ta ƙi, zaune yake cire ciyawa a kan kujera 'yar tsugunno, ga hawan jini, ga fanshon da sai ya ga dama yake leƙowa. Lungun bayan gidan kuwa an zuba masa kwalta, ya zama hanya, shaguna sun jeru. Sai autansa Suhaib, wanda ke koyarwa a wata makarantar kuɗi, ya zo da shawara: a sare lambun a gina shaguna, kuɗin haya ya riƙe maganin Baba da cefanen gida.

Kada a ce yaron sakarai ne, ba sakarai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai, kuɗin Keke daga Kawo zuwa wurin aikinsa ke cinye masa abin da ya kamata ya shiga tukunya. Shi ma tsoron da ke cin uban shi ke cinsa, kullum ana cewa a waya wata karayar arzikin na tafe. Shi dai gani yake bulo da siminti sun fi ganye riƙe mutum.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo da yayarsa Ummukulthum don ta taya shi. Suka tarar da tsohon a gindin zogale.

"Baba, lambun nan fa ya gama aikinsa," in ji Suhaib. "Zamani ya canza. Gwamnati ma ta ce abubuwa sun fara daidaita, ga rancen masu ƙananan sana'a, ga tallafin abinci ana rabawa."

"Na ji. Wace ma'aikata ce ta ce?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Auta. Dubi can."

Ya nuna rassan zogalen da sandarsa. An tsige su tas har inda hannun mace ke kaiwa, sama kawai ya rage.

"Matar wani babban ma'aikaci ta shigo shekaranjiya, wai kwaɗo take sha'awa. Mai mota a ƙofar gida. Ba zan faɗi sunanta ba."

Ummukulthum ta ce, "To Baba, kai ne za ka ciyar da unguwa? Kai ma fa lallaɓawa kake."

"Ban ciyar da kowa ba, Ummu. Ƙofa kawai na bari a buɗe, yadda uwarku ta bar ta."

Maliki ya dubi fuskar ɗansa, ya ga ramar da ba ta rashin lafiya ba ce, irin wadda ya taɓa gani a madubi da yana shekarunsa. Abin ya taɓa shi. Ya san in ya ce a'a, yaron zai koma gida da lissafin da ba ya fita. Ya san kuma in ya ce e, ranar da hayar ta gagari mai shago, ba abin da za a tsinka a jikin bulo, kuma matan da ke turo ƙofa ba su da wata ƙofar da za su tura ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Har ya fara tunanin ko a ba yaron gefen banɗaki, a kori kabewa.

Suhaib ya ga uban ya yi laushi, sai ya yi saurin ƙara wuta, a nan kuwa ya yi kuskure.

"Wallahi Baba har mai kama shagon farko na samu. Mutumin kirki ne, ɗan sari, ba zai ba mu ciwon kai ba. Kuma kayansa ba sa kwantai ko ana wahala."

"Me yake sayarwa?"

"Sabulu da omo."

Ummukulthum ta sa gyale ta toshe baki, don ita tana cikin yaran da suka yi dariya a wancan maraicen. Tun daga ranar ba a sake ta da zancen shago a gidan ba. Malam Maliki ya jawo kujerarsa kusa da kuɓewa, ya ci gaba da cire ciyawa, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce:

"Auta, sabulu dai an taɓa zuba mini shi a kwano a gidan nan, har da cokali. Ba ya ƙosarwa."