Kujerar da Mika'ilu Ya Ƙara

Duk wanda ya taɓa hawa Napep a Birnin Zariya ya zauna a gefen direba, da wuya in ba a kan aikin Malam Mika'ilu ya zauna ba. Shekara ashirin yana walda a Ƙofar Kibo. Kamfani ya yi wa Napep wurin mutum uku a baya, shi kuwa sai ya liƙa ƙarfe ya ƙara na huɗu a gaba. Mu mutanen unguwa, da son banzarmu, har yaba masa muke yi.

Cikin direbobin da ya yi wa wannan aiki akwai maƙwabcinsa Abubakar, mutum mai tsantseni. Shi kaɗai na sani da ya je ofis da ƙafarsa ya yanki inshora ta gaskiya, ba takardar nuna wa jami'an hanya ba. Amma bai taɓa tunanin gaya wa kamfanin ya ƙara kujera ba. Wa ke faɗa?

Wata Talata da hantsi, Malam Suhail, malamin firamare, ya makara. Ya tare Napep ɗin Abubakar, baya ya cika, ya zauna a gaba, gwiwarsa a waje. Wajen Tukur-Tukur babbar mota ta goge su. Na baya ko ƙwarzane ba su yi ba. Shi ƙafarsa ta dagargaje.

Mutumin inshora ya zo, ya duba takardu, ya tsuguna ya ɗauki hoton kujerar. Ya ce wa Abubakar, "Malam, wannan ba ita ce Napep ɗin da muka yi wa inshora ba." Haka aka rufe magana. Aikin asibiti ya fi ƙarfin iyalin Suhail, aka kai shi wurin mai ɗori, daga baya dole aka yanke ƙafar.

Babu wanda ya ambaci sunan Mika'ilu, kuma wannan ne ya fi cin sa. Ya daina ƙara kujera, ya koma gyaran ƙofofi da murhu. Ina ganinsa in Napep ta wuce, sai ya ɗaga gilashin walda ya bi ta da kallo, yana duba gwiwar na gaba. Wallahi tausayinsa nake ji, ina kuma jin haushinsa. Sau nawa yana ce mini zai je ya roƙi Suhail gafara, sai ya kai bakin zauren ya juyo.

Bana, muna zaune a wurin waldar Mika'ilu, sai ga Suhail da kansa, sandar ƙarfen da yake dogarawa ta tsage. Mika'ilu ya karɓa. Na zuba masa ido, na ce yau zai faɗa. Ya liƙe sandar, ya ƙi karɓar ko sisi, bakinsa a rufe.

Suhail ya gwada ta a ƙasa, ya yi murmushi. Ya ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka, Malam. Ban san me zan yi ba da babu irinku."