Ƙanƙarar Mola Ekema

Na yi shekara shida ina auna kayan jirgin saman Ma Enanga a garin Tiko, jirgi mai inji ɗaya da kujera huɗu. Matuƙinsa Mola Ekema ne, ɗan masunci, gajere, ba ya shan komai sai ruwan zafi da citta. Amma duk garin mashayi ake ce masa.

Dalili kuwa, a wata damina injinsa ya mutu a sama, ya sauka cikin gonar ayaba, ya kwantar da bishiya arba'in da uku. Ni na ƙirga. Ya ce ƙanƙara ce ta toshe kafireto. Aka buɗe injin, sai ɗan ruwa.

"Ƙanƙara a Tiko?" in ji Lyonga makanike, yana share gumi. "Mola, ta cikin kofinka dai."

Ya yi bayani cewa man fetur yana sanyaya iska mai laima a kafireto, maƙogwaron inji, har laimar ta daskare, ko ana zafi. Aka yi dariya. Fasinja suka ragu, Ma Enanga ta ce in bi shi garin Mamfe in shinshina shi. In na kawo mugun labari, za ta sallame shi.

Muka tashi da buhun busasshen jatan lande tara da wata tsohuwa. A saman daji, cikin yayyafi, injin ya fara tari. Mola ya ja mariƙin da ke tura iska mai zafi cikin kafireto. Tarin ya ƙaru, jirgin ya hau kakkarwa.

Na ce, "Mola, mayar da shi! Kai ka ɓata!"

"Ruwan ƙanƙarar da ta narke yake haɗiya. Ɗauke hannunka, ɗiyata."

"Za mu faɗi!"

"In na mayar, e."

Tsohuwar ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Can injin ya yi gyatsa, ya daidaita.

Da muka dawo, Ma Enanga ta tare ni a bakin rumfar jirgi, Lyonga na gefe.

"Yana wari?"

"Citta kawai, Ma."

"Kin ga ƙanƙarar?"

"Ban gani ba. Na dai ji ta."

Lyonga ya ce ashe mashayan sun zama biyu. Ma Enanga ta dubi jirgin, sannan ta ce Mola ya je ya ci abinci, akwai buhu goma sha ɗaya na Mamfe gobe da safe.